Rulon Dawuda Mai Katifa

Duk wanda ya taɓa neman katifa a babbar kasuwar Garwa ya san Dawuda, in bai riƙe sunansa ba to ya riƙe muryarsa. Rumfata ta zare da maɓallai tana manne da tasa, don haka kunnena ya sha abin da ya kamata a raba wa unguwa guda. Kakanninmu tare suka sauko daga ƙasar Katsina da fatauci, suka yi zamansu a bakin Binuwai. Kowa ya gaji abin da ya gada. Ni na gaji haƙuri, Dawuda ya gaji baki.

Ilminsa na duniya guda ɗaya ne: soso nagari ba ya lotsawa. Idan mai saye ya tsaya yana latsa katifa da yatsa, sai Dawuda ya ture hannunsa ya ƙwala wa Alhaji Mahmudu mai shinkafa kira daga tsallaken hanya. Alhaji Mahmudu mutum ne da Allah ya yi wa yalwar jiki, 'yan moto masu haya da babur na hango shi suke juya kai kamar ba su gan shi ba. Zai taho yana haki, ya zauna a kan katifar, ya tashi. In wurin ya dawo daidai, an yi ciniki. In ya bar rami, Dawuda ya ce wannan ta maƙwabcinsa ce aka ajiye masa. Da wannan awo yake auna katifa, da shi yake auna matashin kai, kuma na tabbata da za a bar shi da shi zai auna burodi.

Mu ukun nan duk 'yan ƙungiya ɗaya ne ta tsofaffin 'yan ƙwallo, irin wadda ake kira deux-zéro, masu taruwa safiyar Lahadi su yi gudu kaɗan su ci abinci da yawa. Filinmu yana bayan unguwa, ya karkata zuwa kogi, ga ramuka da tuddai, har ƙwallo ma takan canza shawara a hanya. Alhaji Mahmudu ne shugaba kuma mai tsaron gida, saboda in ya tsaya a raga saura wuri kaɗan ya rage wa ƙwallo. Dawuda kuwa an daɗe da daina sa shi a wasa, tun ranar da ya ci gidanmu da kai ya ruga yana murna.

Sai ga gayyata daga Marwa: tsofaffin unguwar Domayo ta can suna so mu je mu buga da su. Motar da aka yi haya ba ta ɗaukar 'yan rakiya, sai 'yan wasa da mutum ɗaya mai jakar magani, wanda yake rugawa cikin fili in wani ya faɗi. Mai jaka yana da jar riga tasa ta daban, kuma kujerar gaba kusa da direba tasa ce. Shekara da shekaru Hamadu wanzami ne yake wannan aiki ba tare da an naɗa shi ba, da bokitin ruwa da ƙahonninsa. Dawuda ya ji zancen jar riga, ransa ya biya. Abin da ya ƙara dagula lamarin, matarsa Mairamu 'yar Domayo ce, yayyenta biyu suna cikin waɗanda za mu buga da su. Kafin rana ta faɗi ya kira su a waya, a gabana, ya ce su shirya tarbar likitan ƙungiya.

Na ce, "Wa ya naɗa ka?"

Ya ce, "Naɗi ai tabbatar da abin da kowa ya sani ne."

A makon nan likitan ƙungiya ya ɗaga hannu zai sauko da katifa daga saman tari, wani abu ya riƙe shi tsakanin allunan kafaɗa. Ya tsaya da hannu a sama kamar mai rantsuwa. Ya ce tsohon rauni ne da ya samu lokacin da manyan ƙungiyoyi ke zawarcinsa. Ni dai na san katifa ce. Ya ƙi zuwa wurin Hamadu don kada a ce ya kai kansa ga abokin takara, sai ya tafi wurin Madam Germaine, mai gyaran gaɓoɓi da tausa, wadda mijinta ke buga mana baya.

Madam Germaine ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko wani guntun gungumen soso mai kaurin cinya, ta ce sunansa rulo. Ta kwantar da shi a kai, hannuwa a ƙeya, ƙafafu a ƙasa, ta sa yana tura jikinsa sama da ƙasa. Baya ya yi ƙas ƙas, Dawuda ya yi ajiyar zuciya.

Ta ce, "Ka nemi naka. Mai tauri, amma wanda in ka danna da babban yatsa zai ɗan shiga ya dawo. Daga kafaɗa zuwa ƙarshen haƙarƙari kawai, ban da wuya, ban da ƙugu. Doucement, seeɗa seeɗa, a hankali, kamar mai lallashin jariri."

Dawuda ya ce, "Madam, soso kike koya mini? A kan soso aka yanke mini cibiya."

Duk bayanin nan kalma ɗaya ce ta shige shi, mai tauri. Ya dawo kasuwa yana faɗin cewa da ma ya san abin, ya ga baƙin 'yan wasa suna birgima a kansa a gefen fili lokacin gasar Afirka da aka yi a babban filin wasa na Rumde Ajiya, har ɗaya daga cikinsu ya ɗaga masa hannu. Ya ce ranar da ya kawo wa ƙungiya rulo, Hamadu zai mayar da ƙahonninsa wa saniyar da aka ciro su.

Washegari ya ja mu, ni da Alhaji Mahmudu, zuwa shagon kayan wasanni na wata mata mai suna Angèle. Ta fito da rulo iri uku: shuɗi mai laushi, baƙi mai tauri, da wani mai ƙuraje kamar bayan kada. Dawuda bai ko taɓa su da yatsa ba. Ya jera su a ƙasa ya ce, "Alhaji, bismilla."

Angèle ta ce, "Me zai yi?"

"Awo."

"Monsieur, ba kujera ba ce. Bayanka za ka ɗora, ba duk Alhaji ba."

"Hajiya, ke kina sayarwa ne, ni sana'ata ce."

Alhaji ya zauna a kan shuɗin, ya koma kamar waina. Ya zauna a kan mai ƙurajen, ya miƙe da sauri yana salati yana shafa mazaunai. Ya zauna a kan baƙin, ya ɗan jima yana hutawa, da ya tashi sai ga ɗan kwari a tsakiya, bai dawo duka ba. Dawuda ya nuna wurin da yatsa yana kallona kamar ya kama ɓarawo.

Ya ce, "Ka gani? Wannan suke kira mai tauri. Ko matashin kan baƙo ba zan yi da shi ba."

Angèle ta ɗauki baƙin rulon ta dunƙula masa a ƙirji. Ta ce, "Ka lotsa shi, ya zama naka. Shuɗin ma ka gode Allah yana ƙoƙarin tashi."

Aka yi ta cacar baki da Faransanci da Fulatanci da Hausa, har masu gyaran waya na kusa suka bar aikinsu. A ƙarshe Dawuda ya fito rungume da rulon da ya raina, ya kai gida ya cilla shi ƙarƙashin gado. Ya ce tun da Turawa sun kasa, shi zai ƙera nasa.

Gidansa katanga ɗaya ce da nawa, kuma katangar ba ta kai kafaɗa ba. Da la'asar na ji Mairamu tana tambayar ina tabaryarta. Na leƙa, sai ga Dawuda ya naɗe tabaryar da yankin katifa, ya ɗaure da robar taya, ya kwanta a kai a tsakar gida. Tabaryar gefe ɗaya ya fi kauri, saboda haka maimakon ta tafi gaba sai ta riƙa kewayawa da shi. Ya tura, ta kai shi gindin turmi. Ya sake turawa, ta kai kansa cikin kaskon ruwan kaji. Zakara ya tsaya a kansa yana duba shi da ido ɗaya.

Mairamu ta ce, "Malam, gero na jira."

"Bincike nake yi."

"To in ka gama binciken ka ci shi da miya, don tuwo dai babu."

Matan maƙwabta sun riga sun jera kawunansu a kan katanga. Wata ta tambaya ko aljanu ne, a kira mai ruƙiyya. Dawuda ya ce daga kwance, kai a jiƙe, cewa wannan aikin likita ne, mata su koma girkinsu. Mairamu ta sa ƙafa ta taka gefen tabaryar ta fizge ta, bayansa ya bugi ƙasa. Ciwon da yake tsakanin kafaɗu ya hau wuya ya zauna.

Wani mai hankali da nan ya tsaya. Dawuda ya ce laifin itace ne, itace ba shi da daidaito. Ya samo bututun roba na ruwa, ya yanka, ya lulluɓe da soso, ya kira Alhaji Mahmudu. Alhaji ya zauna, bututu ya ce ƙaras. Ya samo wani, wannan karon ya ɗura masa siminti ya bar shi ya bushe. Alhaji ya zauna, ya tashi yana ɗingishi.

Dawuda ya duba, ya shafa, ya ce, "Ko alama. Bai lotsa ba."

Alhaji ya ce, "Ni na lotsa."

Nan fa kai ya kumbura. Yana cikin shafa abinsa sai ga Hamadu wanzami ya biyo ta layinmu da zabirarsa a kafaɗa. Ya tsaya ya ƙwanƙwasa rulon da ɗan yatsa, ya saurara.

Ya ce, "Gini za ka fara?"

"Ritayarka na fara."

"Wa zai kwanta a kan wannan?"

"Duk ƙungiya."

"Ɗaya bayan ɗaya? Kafin ka gama karya na ƙarshe ai an tashi wasa."

Hamadu tsokana ya yi, Dawuda ya ɗauke ta shawara. Ya ce gaskiya ne, me zai sa a yi layi kamar wurin awon jarirai? Rulo ɗaya za a yi, dogo, wanda 'yan wasa za su kwanta a kai a jere a gyara su gaba ɗaya. Ya tafi wurin masu gini ya samo ƙaton bututu irin na magudanar ruwa, tsawonsa ya fi ƙofar gida, kaurinsa ya kusa ganga. Ya zura rodi ta tsakiya, ya cika shi da siminti da tsakuwa, ya manna masa soso siriri kamar fatar albasa don a ce akwai, ya ɗinke shi da yadin katifa mai jajayen furanni. A jiki ya sa aka rubuta sunansa da lambar wayarsa. Ya ɗaura doguwar igiya a bakin rodin biyu don a riƙa ja.

Ranar da za a ɗora shi a kan amalanke sai da aka tara ƙarti daga layin masu shinkafa. Dawuda ya ce su matsa ya nuna musu yadda ake ɗaga kaya, ya sunkuya, ya kama, ya yi wani ɗan ƙara kamar ɗan akuya. Tun daga ranar wuyansa ya daina juyawa. In ka kira shi daga gefe sai ya juyo gaba ɗayansa kamar ƙofa. Tayar amalanken kuma ta fashe tun ba a fita layi ba.

Na ce, "Ka gwada shi a bayanka kuwa?"

Ya ce, "Mai katifa ba ya kwana a kan hajarsa. Alhaji ya zauna, magana ta ƙare."

Lahadin da za a zaɓi mai jaka, fili ya cika. Labari ya zaga unguwa cewa Dawuda ya ƙera na'ura, har waɗanda ba su san ƙwallo ba sun zo. An ajiye abin a can saman fili, an lulluɓe da tamfol, an tokare shi da duwatsu. A can ƙasa, bayan raga, Lucienne mai dafa mana abincin bayan wasa ta ɗora babbar tukunyar farfesun kifi a kan murhu, ga robar zoɓo da ƙanƙara a gefe. In gaskiya za a faɗa, rabin ƙungiyar saboda tukunyar nan suke zuwa, har da ni.

Alhaji Mahmudu ya ɗaga jakar magani da jar riga ya ce kowane ɗan takara ya nuna abin da ya iya. Hamadu ya kama wani mai ciwon ƙwauri, ya murza, ya ja, ya watsa masa ruwa, mutumin ya tashi ya ce da sauƙi. Aka tafa kaɗan. Dawuda ya tako yana tafe a sandare, ya yi jawabi kan ci gaban zamani da yadda Garwa ta daɗe a baya, sannan ya yaye tamfol. Jajayen furanni suka bayyana. Mutane suka matso suna leƙe.

Mijin Madam Germaine ya ce, "Kabarin wa?"

Dawuda ya ce 'yan baya su fara kwanciya. 'Yan baya suka ce 'yan gaba sun fi su gajiya. 'Yan gaba suka ce likita ya fara. Ana cikin haka Madam Germaine ta iso daga coci da lema a hannu. Ta zagaya abin, ta danna da babban yatsa, ta duba yatsan.

Ta ce, "Malam Dawuda, na ce wanda zai ɗan shiga ya dawo."

"Abin da ya shiga ai ya lalace, Madam."

"Wannan in ka kwanta a kai, kai za ka shiga, kuma ba za ka dawo ba. Su waye suka ajiye shi a kan gangara?"

"Rulo ai don ya mirgina aka yi shi," in ji shi, ya sa ƙafa ya ture duwatsun.

Ya zauna a ƙasa ta gefen tudu, ya jingina baya da furannin, ya ɗora hannuwa a ƙeya yadda aka koya masa, ya rataya igiyar a hannu don kada yara su taka. Ya tura da ƙafafu. Ko gezau. Ya sake turawa har jijiyoyin wuyansa suka fito. Simintin bai san ana yi ba.

Hamadu ya ce, "Ko in kawo ruwa a jiƙa shi ya yi laushi?"

Dawuda ya ce an yi shi ne don jama'a, nauyin mutum ɗaya ba ya tayar da shi. Ya roƙi shugaba ya zo su nuna misali. Alhaji Mahmudu ya yi ta noƙewa, amma mutane suka zuga shi, shi kuma ba ya son a ce shugaba ya ji tsoro. Ya zauna kusa da Dawuda, ya jingina, ya cije leɓe, ya tura da duk abin da Allah ya ba shi.

Rulo ya motsa. Dawuda ya ce, "Kun gani?" Bai rufe baki ba abin ya bar bayansu ya kama hanya. Alhaji ya faɗi rigingine, ƙafafu a sama, takalmi ɗaya ya tashi. Dawuda ma ya faɗi, sai dai shi igiya tana hannunsa, ta zarge a gwiwar hannu. Ta miƙe, ta ja, likitan ƙungiya ya bi na'urarsa a kan bayansa.

Na ga gudu a filin nan ranar wanda ban taɓa gani ba a wasa. Tsofaffin da ke cewa gwiwa ta hana su komawa tsaron gida suka yi tsalle kamar 'yan maruƙa. Rulo ya ratsa tsakiyar fili yana ƙara wuta, furanni na juyawa, lambar waya na bayyana tana ɓacewa. Dawuda na biye yana ta kiran a tare, a tare. Wa zai tare? Wandonsa na wasa ya maƙale a wani kututture ya yi zamansa a nan. Rulo ya shiga raga, ya ci, ya tafi da ragar da sandarta guda. Lucienne ta ɗaga kai daga tukunya, ta ga gini na tahowa, ta yar da ludayi ta haye kan teburin mai lemo. Murhu ya watse, tukunya ta yi sama, kifi ya sauko kamar ruwan sama, zoɓo ya bi gangara. Sai da abin ya kai taɓon bakin kogi ya nutse rabi, sannan ya tsaya. Masu wanki suka tattara zannuwansu suna tambayar ko kamfanin hanya ne ya zo.

Muka same shi kwance cikin laka da romon kifi, da gajeren wando na ciki, kan kifi a ƙirjinsa. Mun tsorata da gaske, don bai yi magana ba, kuma ba mu taɓa ganin haka ba. Madam Germaine ta durƙusa ta lallatsa shi daga wuya zuwa ƙugu, ta sa ya motsa yatsu. Ta ce babu karaya, fata ce ta tafi, naman baya kuma ya ɗaure tamau.

Lucienne ta sauko daga tebur ta tsaya a kansa. Ta ce, "Tun asuba nake gyaran kifin nan."

Dawuda ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Gishiri ya ɗan yi yawa."

Sai da mutum uku suka riƙe ta.

Ba wanda ya kira zaɓe. Alhaji Mahmudu ya ɗingiso da takalmi ɗaya, ya ɗauki jar riga ya zura wa Hamadu, ya rataya masa jaka, ya nuna Dawuda da haɓa ya ce, "Ga aikinka na farko." Aka kifa shi a kan tamfol ɗinsa. Hamadu ya buɗe zabira a gaban duk unguwa, ya zaɓi inda fata ta rage, ya kafa masa ƙaho biyu a kafaɗu, ya tsotsa ya toshe. Dawuda na kwance da ƙahonni a baya kamar bijimin da ya gaji da noma.

Hamadu ya ce, "Yaya, likita? In mayar wa saniya, ko in bari ka gama da su?"

Ana wannan sai mijin Madam Germaine ya buga ƙwallo don ya mayar da ita sama, ta bi ta inda rulon ya wuce. Ta tafi ɗoɗar, ba tsalle ba kauce, abin da filin nan bai taɓa yarda da shi ba. Muka duba. Daga sama har raga an yi wata hanya sumul, tuddai sun kwanta, ramuka sun cike, har da ɗan santsi a tsakiya inda bayan Dawuda ya bi ya goge. Alhaji ya taka wurin ya ce, "Boɗɗum, ya yi kyau."

Dawuda, fuska a tamfol, ya ji inda iska ta juya. Ya ce, "Da ma don fili na yi shi. Zancen baya gwaji ne."

Alhaji ya ce, "Madalla. Tun da don fili ka yi, fili naka ne. Mutanen Domayo za su rama mana ziyara. Kafin mu dawo daga Marwa ina son ko'ina ya zama kamar nan."

"Ni da wa?"

"Kai da ya ƙera."

Kwanakin da suka biyo baya ban ji muryarsa a kasuwa ba, har kunnena ya fara kewa. Wata safiya na leƙa ta katanga na gan shi a kan tabarma, kwance a kan baƙin rulon nan na shagon Angèle, wanda Mairamu ta zaro daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe. Ɗan kwarin da Alhaji ya bari ya zauna daidai da ƙashin bayansa. Mairamu na tsaye a kansa da tabarya a hannu tana cewa seeɗa seeɗa, in ya gangara zuwa ƙugu ta ƙwanƙwasa ƙasa ya koma. Baya ya yi ƙas, ya lumshe ido, wuya ya juya karo na farko.

Ya ce, "Kin ga wannan kwarin? Ni na sa Alhaji ya yi shi. Tun a shago na gane shi ne nagari."

Ta ce, "Na sani, Malam. Yaya ya kira daga Domayo, yana tambaya me likitan ƙungiya yake so a dafa masa."

Rulo ya tsaya. Na ji tausayinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba, don ya so tafiyar nan har ransa. Ya ce, "Me kika ce masa?"

"Na ce an ƙara maka girma."

Ranar tafiya a bakin fili motar ta tsaya ɗaukar mu. An riga an ciro rulon daga laka da taimakon shanun wani mai amalanke, furanninsa sun koma ruwan ƙasa. Hamadu ya hakimce a kujerar gaba da jar riga, jaka a cinya, gwiwar hannu a taga. Ni ina baya a matse tsakanin Alhaji da gilashi. Da direba ya tayar, sai ga Dawuda a tsakiyar fili, igiya a kafaɗa, ya duƙa yana jan abinsa zuwa tudu, yana ci gaba taku ɗaya yana komawa rabi. Ya hango mu, ya miƙe, ya gyara hula, ya taka igiyar da ƙafa.

Ya ɗaga murya ya ce, "Ku gaya wa mutanen Domayo, in suna son a gyara musu nasu filin su yi magana da wuri, aiki ya yi mini yawa."

Hamadu ya leƙo ta taga ya ce, "Za mu faɗa. Ɗaga ƙafarka ka yi mana sallama mana."

Ya ɗaga hannu, ya ɗaga ƙafa ya matso don mu ji shi da kyau. Igiya ta sulale. Muna karya kwana, abin da na gani na ƙarshe ta gilashin baya shi ne rulo ya kama hanyar kogi, injiniyan fili na bin sa da gudu yana kiran a tare.